Me Ya Sa Sarewa Biyu Masu Tsawo Ɗaya Ba Sa Amo Ɗaya? Wayarka Za Ta Nuna Maka

Bayan girbin dawa a ƙauyukan Zakirai, ba ka rasa yaron da ya fafe kara ya yi sarewa, yanzu kuma wasu sun koma bututun robar wayarin ko na ƙarfe. Gardamar da aka saba yi ita ce wai ta ƙarfe ta fi daidaita murya. Gaskiyar magana, ba jikin bututun ne ke kuka ba, iskar da ke cikinsa ce ke karkarwa. Tsawo da siffar wannan iskar su ne ke yanke sautin.

Ga lissafin. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20. A bututun da ke buɗe ta gefe biyu, sai ka raba wannan gudun da ninki biyu na tsawon bututun. Mai santimita 30 zai ba ka wajen 570 Hz. Sauke manhaja irin su Spectroid a Play Store, ka toshe dukkan ramukan, ka busa. Za ka ga lambar ta ɗan gaza haka, domin iskar ba ta tsayawa cak a bakin bututu, tana ɗan leƙawa waje. Bututu mai faɗi ya fi yin wannan leƙen, shi ya sa muryarsa ta fi kauri.

Ramukan yatsu kuwa gajarta iskar suke yi. Matsar da rami kusa da baki, sauti ya hau. Faɗaɗa shi, nan ma ya hau. A nan masu ƙusa mai zafi ke ɓata aiki. Fara da ƙaramin rami, daga na can ƙasa, kana faɗaɗawa kana duban waya. Idan ka zarce, ɗan kakin zuma a gefen ramin zai dawo da shi, amma gyara ne na dole.

To ina amfanin kara ko ƙarfe? A siffar ciki yake. Idan aka ƙwaƙule totuwar kara, cikin ba ya fita sumul, wani wuri faɗi, wani wuri matsattse, kuma yana shan damshin numfashi. Bututun kamfani kuwa faɗinsa ɗaya daga sama har ƙasa, don haka awon da ya yi maka yau zai yi maka gobe. Sai dai shi ma yana da aibi: idan ka ƙara ƙarfin busa don hawa muryar sama, takan ɗan kasa kaiwa inda ya kamata. Usur ɗin gwangwani da Robert Clarke ya fara naɗewa a Ingila a 1843 yana tsukewa ne zuwa ƙasa, kuma wannan siffar tana rage matsalar.

Saura yanayi, wanda mu nan ya fi shafa. Duk digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ƙara wa sauti kusan mita 0.6 a daƙiƙa. Sarewar da ka daidaita da sanyin safiyar hunturu za ta hau sama da tsakar ranar bazara, ta ƙarfe ma ta fi saurin ɗaukar zafi da sanyi. Don haka kada ka auna ta da sanyinta. Busa ta minti biyu ko uku ta ɗumama tukuna, sannan ka buɗe manhajar, can nesa da ƙarar janareta.