Yamai: Idan shafi ya ƙi aiki, a duba burauza kafin a zargi rezo

A shagunan intanet na Harobanda, kusa da Jami'ar Abdou Moumouni, an saba ganin ɗalibi ya cike fom na neman gurbin karatu, ya danna maɓallin aikawa, shafin ya tsaya cik. Nan take sai a zargi rezo, a sake sayen data, alhali ranar rufe rajista na ƙaratowa. Sau da yawa kuwa burauzar ce ta tare hanya.

Galibin maɓallan irin waɗannan shafuka na aiki ne da JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995. Idan an kashe shi a saitin tsaro, ko manhajar toshe talla ta hana shi, fom ba zai motsa ba. Chrome da Firefox kuma na toshe duk umarnin da ya zo ta http a cikin shafin https.

Akwai kuma matsalar agogo. Tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu kan manta kwanan wata da zarar an ɗauke wuta, sai burauza ta ƙi amincewa da takardar shaidar shafin. A waya, tsarin tsimin data mai tsanani na Opera Mini na taƙaita aikin JavaScript. Wasu tsofaffin shafuka kuwa don Internet Explorer aka gina su, wanda Microsoft ya yi wa ritaya a ranar 15 ga Yunin 2022.

Gyaran ba shi da tsada. A daidaita kwanan wata, a sabunta burauza, a gwada wata daban. Idan rasit ya ƙi fitowa, a ba wannan shafin kaɗai izinin buɗe sabuwar taga. A kwamfuta, maɓallin F12 na buɗe wurin da ake ganin abin da aka toshe, da jan rubutu.

Haɗarin yana ga mai gaggawar da zai kashe tsaron gaba ɗaya, musamman a kwamfutar haya da ake shigar da lambar fasfo. Haka ma wanda zai liƙa a wurin F12 wani rubutu da aka turo masa ta WhatsApp: ta nan 'yan damfara ke ƙwace asusu. Izinin da aka bai wa shafi guda, a janye shi kafin a tashi daga kujera.