Ko Kun Sani? Jami'ar da Ta Ƙi Biyan Kuɗin Mujallu

A watan Fabrairun 2019, Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, mai rassa 10, ta yanke hulɗa da Elsevier, kamfanin ƙasar Holan da ke buga mujallun kimiyya irin su The Lancet da Cell. A lokacin, ɗakunan karatunta suna biyan kusan dala miliyan 11 duk shekara don malamai da ɗalibai su karanta mujallun.

Abin da ya fi ɓata wa ma'aikatan laburaren rai shi ne, malaman jami'a ne ke yin binciken, su rubuta, su kuma tace aikin junansu ba ko sisi, sannan jami'ar ta dawo ta sayi abin da 'ya'yanta suka rubuta. Ga shi kuma duk wanda ba ya cikin jami'a mai kuɗi, ko likita ne, sai ya biya kafin ya karanta maƙala guda.

A watan Yulin 2019 kamfanin ya toshe wa jami'ar sababbin maƙalu. Malamai suka koma aro daga wasu laburarori. Sai a Maris 2021 aka sasanta, bisa sharaɗin cewa malaman jami'ar za su iya buga bincikensu a buɗe, kowa ya karanta kyauta a intanet.