Tsibiran Yauri: Wa Zai Je Hutu Inda Jirgi Ke Cin Rai?

A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ya taso daga jihar Neja zuwa Warrah da ke Ngaski ta jihar Kebbi, ɗauke da mutum sama da 150. Ya dare a tsakiyar ruwa, ƙalilan aka tsamo da rai. A wannan ruwan ne ake gayyatar baƙi kallon bikin Rigata na Yauri, ana cewa tsibiran yankin za su zama wurin shaƙatawa. Ba za su zama ba, muddin ba a gyara hanyar zuwa ba.

Abin kallo kam akwai shi. Ga Kogin Kwara ya baje, ga Gungawa da gonakinsu na albasa a bakin ruwa, ga Sarkawa da komarsu, ga tseren kwale-kwale da ya samo asali daga farautar dorina. Har kabarin tarihi akwai: tsohon garin Bussa, inda Bature mai binciken ƙasa Mungo Park ya halaka a 1806, yana kwance ƙarƙashin tafkin Kainji.

Tushen matsalar yana nan a 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji. Ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa, aka tashi mutum kusan 44,000 aka sake musu matsuguni. Amma itatuwan da ruwa ya rufe ba a tumɓuke su duka ba. Kututturansu na nan tsaye, ba a ganinsu sai jirgi ya hau. Ɗauki jirgin katako da ya tsufa, a loda masa buhunan hatsi da babura, mata da goyo su zauna a kan kaya, ruwa ya kusa taɓa bakinsa, babu mai rigar kariya ko ɗaya, sannan a taso da magariba don a riski kasuwa. Wannan ba ƙaddara kaɗai ba ce, sakaci ne. Talaka bai hau don ganganci ba. Hanyar mota ce babu, ko kuma zagaye ne mai cin yini da kuɗi. Wutar da Kainji ke bayarwa ta haska birane masu nisa, mutanen da suka ba da ƙasarsu kuwa har yau gada da tashar jirgi mai kyau sun gagare su.

Masu cewa sauyin yanayi ne suna da ɗan abin kamawa. Ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar Kebbi, ta 2022 ma ta yi ɓarna, kuma iskar damina na kifar da jirage. Sai dai iska ba ta loda wa jirgi kaya.

Sannan ga tsaro. Mu mutanen Faskari da Ƙanƙara ba sai an yi mana bayani ba. An kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, wata shida bayan nan aka kwashe na Birnin Yauri. Gandun dajin Kainji, da a da ake zuwa kallon namun daji, ya bi sahun dajin Rugu wajen zama maɓoyar 'yan bindiga.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, da ta raya yankunan madatsun wutar lantarki, HYPPADEC, su mai da tumɓuke kututture da duba lodi aikin kullum, ba sai an yi asarar rai ba. Gwamnatin Kebbi kuma ta fara da mazauna tsibiran kafin ta kira baƙo.