Mai Jego da Takardar Ajiye Aiki: Nazarin Dalilai da Sakamako

A garin Safo, kudu da birnin Maradi cikin gundumar Madarunfa, matan da ke aikin albashi ba su da yawa, galibinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti, sai kuma masu sammako zuwa Maradi inda suke hidima a makarantu da ɗakunan shan magani masu zaman kansu. Amma duk da ƙarancinsu, akwai wata mas'ala da masu ɗaukar ma'aikata ke yawan kuka da ita, wato mace ta tafi hutun haihuwa, a biya ta albashinta cif, sa'an nan ranar komawa ta zo, maimakon a gan ta sai a ga takardar ajiye aiki. Wasu na kiran wannan cin amana, har suna cewa wajibi ne ta mayar da abin da ta karɓa.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba mai ciki hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, da ƙarin mako uku idan rashin lafiya ya biyo baya. Asusun inshorar ma'aikata na ƙasa (CNSS) ke biyan rabin albashi, mai ma'aikata ya cika ragowar ga wadda ta cika sharuɗɗa, kuma wannan ciko shi ne tushen jayayyar. Dokar ta kuma ba mai shayarwa sa'a guda kowace rana har shekara, ta halatta mata barin aiki a cikin wannan mudda ba tare da biyan diyyar warware yarjejeniya ba. A Ingila, alal misali, kuɗin da doka ta wajabta ba a mayar da shi ko kaɗan, ƙarin da ma'aikata ta yi don raɗin kanta ne kawai ake iya nema, shi ma sai in an rubuta sharaɗin tun farko.

To, me ke sa mace ta saki albashi a ƙasar da samun aiki ke da wuya haka? Duk wanda ya ƙirga kwanaki zai ga amsar. Mako takwas kwana 56 ne, arba'in daga cikinsu kuwa na wankan jego ne da shan kunun kanwa, sau da yawa ma a gidan iyaye idan haihuwar fari ce. Saura kwana 16 kacal, a cikinsu ake so ta koma ɗakinta, ta murmure, ta samo wanda zai riƙe jaririn da bai cika wata biyu ba, alhali kuwa Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, al'adarmu kuma ba ta san yaye da wuri ba. Sa'a gudan da doka ta bayar ba ta isar wadda ke aiki a Maradi ta hau kabu-kabu zuwa Safo ta ba da nono ta koma. Wadda ta jure, sai ka same ta a ajin zana, alli a hannu, jariri kwance bisa tabarma a kusurwa, ko kuma goye a bayan ƴar raino, yarinyar da ita kanta a kan benci ya kamata a gan ta. Idan aka haɗa da turin aiki nesa da garin miji, da jinkirin albashin da ƴan kwantiragi suka daɗe suna kokawa da shi, da kusancin haihuwa a ƙasar da wani bincike na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya kai yara 7.6, sai a gane cewa galibin masu ajiye aikin nan larura ce ta kore su.

Illar kuwa ba a musun ta: aji ya zauna babu malama a tsakiyar shekara, ɗakin awo ya rasa ungozoma. Mafi muni, mai ma'aikata da ya taɓa gamuwa da haka yakan ƙudurta a ransa kada ya sake ɗaukar amarya ko mai ƙaramin ciki, ta haka matan da ba su ji ba su gani ba su ne ke biyan bashin.

Sai dai a ra'ayina tilasta mayar da kuɗi zalunci ne da zai ƙara ta'azzara lamarin. Malaman fiƙihu sun bambance ujura (wato ladan aiki) da rance, kuma abin da aka bayar a matsayin haƙƙi ba ya rikiɗa ya zama bashi don kawai mai bayarwa ya yi nadama. Wadda ta san tun tana jego ba za ta koma ba, amana ta wajabta mata sanarwa da wuri domin a nemi madadinta. Hukumomin ilimi da na lafiya a Madarunfa kuma, tare da masu makarantu a Maradi, su ware ɗakin raino a wurin aiki, su sauƙaƙe wa mai shayarwa canjin wuri zuwa kusa da gidanta, su kuma tanadi mai riƙon aji tun ranar da ta kawo takardar likita.