"Body bags": Me furucin ke nufi, kuma me ya sa ya tayar da ƙura a Kaduna?

A daren Talata, 5 ga Fabrairun 2019, gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya ce a wani shiri na gidan talabijin na NTA duk wanda ya zo daga ƙetare ya tsoma baki a al'amuran Najeriya zai koma gida a cikin "body bags". Saura kwana 11 a yi zaɓen shugaban ƙasa da aka tsara ranar 16 ga watan, kuma Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai sun riga sun soki dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen. Har yau furucin yakan faɗo a muhawarar matasa, daga majalisun Unguwar Dosa zuwa Facebook, sau da yawa ba tare da an tantance ma'anarsa ba.

A asalinsa, "body bag" jaka ce ta roba mai zif wadda ake saka gawa a ciki don ɗauke ta daga fagen yaƙi ko wurin haɗari. Sunan ya bazu a zamanin yaƙin Vietnam, inda Amurka ta rasa sojoji fiye da 58,000. Daga nan ne "komawa gida a jakar gawa" ya zama salon magana a Turanci: mutum ya tafi da ƙafarsa, a dawo da gawarsa. Ba ya nufin shan kaye ko jin kunya. Mutuwa yake nufi.

Turawa na amfani da shi ta hanya biyu. Masu adawa da yaƙi kan faɗe shi don gargaɗin gwamnatinsu cewa 'ya'yan talakawa za ta tura halaka. Idan kuwa mai iko ya faɗa wa abokin hamayya, ya zama barazana. Shi ya sa jam'iyyar PDP ta yi Allah wadai da kalaman, ta kuma yi barazanar ficewa daga yarjejeniyar zaman lafiya. Kakakin gwamnan, Samuel Aruwan, ya ce maigidansa ba kiran tashin hankali ya yi ba, kare 'yancin ƙasa yake yi daga katsalandan. Ko da an karɓi wannan bayani, ma'anar kalmar tana nan yadda take.

Kaduna ta taɓa ganin irin wannan taƙaddama ta ɗaya ɓangaren. A watan Mayun 2012, a wannan birni, Muhammadu Buhari ya ce idan aka maimaita maguɗi a 2015 za a yi "kare jini, biri jini". Magoya bayansa sun ce karin magana ne da ke nufin fafatawa mai tsanani, amma da jaridu suka mayar da shi Turanci sai ya fito a matsayin alwashin zubar da jini. A can fassara ce ta ƙara wa magana kaifi. A batun jakar gawa kuwa, kaifin yana cikin maganar tun asali.

Dalilin damuwa a bayyane yake. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 aka kashe a rikicin bayan zaɓen 2011 a jihohin Arewa 12, kuma Kaduna ce ta fi yawan gawarwaki. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta kalaman tunzuri da barazanar amfani da ƙarfi a yaƙin neman zaɓe.

Don haka, kafin matashi ya tura irin wannan furuci a WhatsApp ko ya yi masa tafi a gangami, ya fara mayar da shi Hausa. Idan fassarar ta fito "za a kwashi gawarka", to abin da ya yaɗa ke nan, kuma a tarzomar zaɓe ba kasafai gawar mai furucin ake kwasa ba.