Me kwamfuta ke yi kafin ta nemi kalmar sirri?

Ɗalibin da ya taso daga 'Yandoto ko Tsafe ko Bungudu domin rubuta jarrabawar JAMB a Gusau, yakan tarar da kwamfutarsa a kunne tana jiran ya shigar da lambarsa. Sai dai kafin wannan shafin ya bayyana, na'urar ta riga ta aiwatar da ayyuka masu yawa ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Hukumar JAMB dai ta fara gudanar da jarrabawa ta kwamfuta ne a shekarar 2013, kuma tun daga 2015 ta daina amfani da takarda da fensir. A zauren da ke ɗauke da ɗaruruwan kwamfutoci, ba zai yiwu ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana daidaita su ba. Wannan ce matsalar da ake magancewa da jerin umarnin da kwamfuta ke bi da kanta da zarar an kunna ta.

Matakan farkawa

Idan aka danna maɓallin kunnawa, wata ƙaramar manhaja da ke cikin jikin na'urar, wadda ake kira BIOS ko UEFI, ita ce ke fara duba kayan aiki. Daga nan sai ta miƙa ragama ga babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, wadda ke tayar da ayyukan da ke gudana a bayan fage. Sai a ƙarshe ne shafin neman suna da kalmar sirri ke fitowa.

A wannan tsakanin ne mai kula da kwamfutoci ke iya saka nasa umarnin: a daidaita agogo, a share fayilolin da wanda ya yi aiki jiya ya bari, a haɗa na'urar da babbar kwamfutar ofis, ko a toshe kafar saka filash.

A Windows, ana yin hakan ta tsarin Group Policy, wanda ya zo tare da Windows 2000, ko kuma ta Task Scheduler, inda ake zaɓar a fara aikin lokacin kunna na'ura. A Linux kuwa, a da fayil ɗin rc.local aka fi dogaro da shi, amma yanzu yawancin nau'o'inta na amfani da systemd, wanda ya fito a 2010.

Ikon da ya fi na mai amfani

Akwai bambanci tsakanin umarnin da ke aiki lokacin kunna kwamfuta da wanda ke aiki bayan mutum ya shiga. Na biyun yana da iko ne gwargwadon ikon wanda ya shiga. Na farkon kuwa, da yake babu kowa a ciki tukuna, yana aiki ne da cikakken ikon na'urar, wato asusun SYSTEM a Windows ko root a Linux.

Ma'ana, yana iya karanta kowane fayil, ya sauya shi ko ya goge shi, kuma galibi babu abin da zai bayyana a allo.

Masu kutse sun daɗe da gane haka. Brain, ƙwayar cutar kwamfuta da wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, tana ɓuya ne a sashen faifan da na'ura ke fara karantawa idan an kunna ta.

Ko ba da mugun nufi ba, kuskure a wannan mataki na da tsada. A ranar 19 ga watan Yulin 2024, wani sabuntawa mai lahani daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin kamfanin Microsoft. An soke dubban jiragen sama, ayyukan bankuna da asibitoci suka tsaya. Da yake manhajar tana tashi ne tun kafin shafin shiga, kwamfutoci da dama sai da ma'aikata suka bi su ɗaya-ɗaya da hannu suna goge fayil ɗin da ya jawo matsalar.

Abin lura a Zamfara

Wani abin da ya kamata a yi la'akari da shi shi ne yanayin sadarwa. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya da intanet a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Umarnin da aka rubuta don ya ɗauko wani abu daga intanet kafin ya kammala, a irin wannan hali sai ya tsaya yana jira. Idan an tsara Windows ta saurari umarnin kafin ta nuna shafin shiga, takan jira har minti 10, matuƙar ba a rage wa'adin ba. Ga mai shagon buga takardu wannan asarar ciniki ce, ga ɗalibi kuma tashin hankali ne.

Don haka akwai ƙa'idojin da masu wannan sana'a ke bi. A gwada umarnin a kan na'ura ɗaya kafin a baza shi. A ajiye shi inda mai kula kaɗai ke iya sauya shi, domin duk wanda ya iya ƙara layi ɗaya a ciki ya mallaki kwamfutar. Kada a rubuta kalmar sirri a cikinsa. A kuma sa ya riƙa ajiye bayanin abin da ya aikata, saboda ranar bincike.

Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu kuwa, sauya kalmar sirri kawai bai wadatar ba, tunda umarnin da tsohon mai ita ya bari zai ci gaba da aiki. Abin da ya fi shi ne a sake ɗora mata babbar manhaja daga tushe.