Kafin Ka Sa Wa Ɗanka Mari

A watan Oktoba na 2019 'yan sandan jihar Katsina suka shiga wani gidan mari a Daura, suka fito da mutum 67, manya da yara, da yawansu da ƙarfe a ƙafa, jiki duk tabon bulala. Makonni kaɗan kafin nan an yi irin haka a unguwar Rigasa ta Kaduna, inda aka fito da fiye da mutum 300, har da ƙananan yara. An yi ta Allah wadai a rediyo, aka kama masu gidajen, aka rufe wasu, sannan ƙura ta lafa. Abin da aka ƙi tsayawa a kai shi ne yadda yaran suka isa can. Ba wanda ya sace su. Iyayensu da 'yan'uwansu ne suka sa su a mota, suka biya kuɗi, suka miƙa su hannu da hannu, suka komo gida suna ganin sun sauke nauyi. Daura kuwa maƙwabciyarmu ce, mutumin Kazaure ko Roni ko Gwiwa ba ya tambayar hanyarta, kuma tunanin da ya cika waɗancan ɗakuna da yara bai mutu ba don an sa wa ƙofa kwaɗo. Ya dai koma cikin gidaje, inda ake kulle yaro a ɗakin baya ko a ɗaure shi a turke, maƙwabta suna ji suna cewa harkar gida ce.

Tunanin shi ne cewa yaron da ya gagara abu ne da ake kaiwa gyara, kamar yadda ake ajiye babur a wurin makanike a ce da La'asar za a dawo a ɗauka. Uba zai ce a gyaro masa shi, ko nawa ne zai biya, shi dai kada a dame shi. Abin takaicin ma, har waɗanda Allah ya ba ikon zuwa asibiti da wannan tunani suke zuwa: a yi wa yaro allura ya yi barci, a ba su ƙwayoyi, su tafi, ba za a sake ganinsu ba sai ran da ya fasa tagar wani. Alhali duk wanda ya san aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara zai gaya maka cewa rabin jinyar a kan mutanen gidan take. Yaro ba shi da gidan kansa, ba shi da kuɗin mota, ba shi ne ke yanke shawarar ko za a koma asibiti ba. Inda ya kwana jiya nan zai kwana yau, a hannun mutanen da ko dai su taimaka masa ya warke, ko su mayar da shi inda ya fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowaɗanne yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Mu kuwa suna ɗaya muke ba su duka: ya kangare, ko ta fitsare. A ƙarƙashin wannan suna akwai yaron da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ya taɓa wa ƙwaƙwalwa tun yana ƙarami, karatu ba ya zama, ana dukansa a makaranta a dake shi a gida. Akwai wanda aka saki uwarsa aka bar shi a hannun kishiyarta ba wanda ya ce masa ko sannu, akwai yarinyar da wani babba ya ɓata ta rasa wanda za ta faɗa wa, sai ta daina magana, ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa. Akwai kuma shaye-shaye, wanda ba sai an yi dogon bayani ba. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan an yi ta ambaton Kano da Jigawa a kan yawan shansa. Sai dai yaron da ya kama tiramadol yana ɗan shekara 15 sau da yawa wani abu yake gudu, kuma muddin ba a gano abin ba, ranar da aka kwance shi ranar zai koma wurin dila.

Mutane da yawa ba su san abin da ake yi a zaman jinyar ba, shi ya sa suke raina shi, suna cewa surutu ne. Da farko likita ko ma'aikacin jinya zai yi tambayoyi masu yawa: yaya cikinsa ya kasance, yaya haihuwarsa, yaushe ya yi tafiya ya yi magana, ya taɓa jijjiga, yaya barcinsa, me ya faru a gida daf da lokacin da ya canja. Waɗannan amsoshi uwa ce ta san su, ko kakar da ta yi renonsa, saboda haka turo yaro da ƙanen uba ɗan acaɓa wanda bai san komai ba ɓata ranar kowa ne. Sannan za a keɓe da yaron shi kaɗai, don akwai maganar da ba za ta taɓa fita a gaban baba ba, kuma kada uba ya ɗauki wannan a matsayin raini. Daga nan ake tsara zama, mako-mako ko yadda hali ya ba da, ana koya wa yaro gane tunanin da ke jefa shi cikin tsoro ko fushi da yadda zai tare shi, ana mayar da shi makaranta ko sana'a ko ƙwallo a hankali. Iyaye kuma ana koya musu nasu karatun: kafa doka kaɗan wadda kowa a gidan zai tsaya a kanta, yaba wa yaro a lokacin da ya yi daidai, hukunci mai iyaka wanda ba duka ba, da daina zaginsa da sunan lalurarsa. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa ƙananan asibitoci ta sa wannan horo na iyaye a gaba da magani a kan matsalar ɗabi'ar yara, har ta yi gargaɗi kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba ƙwayar ciwon damuwa.

A nan ne sakacinmu ya fi fitowa fili, kuma a nan ne ya kamata a yi wa iyaye maza magana ba tare da kwana-kwana ba. An rubuta wa yaro ranar dawowa a kati, ranar ta zo, uba ya ce ai ya samu sauƙi, kuɗin motar a sayi masara da shi. An ce a zo da mahaifi don a ji ta bakinsa, ya ce shi ba mahaukaci ba ne, yana da kasuwar Kazaure ko ta Babura da zai ci, amma in ɗaurin aure ne a Kano da asuba zai kama hanya. Uwa ta koyo a asibiti cewa kada a daki yaron, ta dawo ta tarar maigida da yayyen yaron ba su ji wannan darasi ba, kowa da bulalarsa, abin da aka gina a wata guda ya rushe a dare ɗaya. Maganar tsayar da magani kuwa ta fi komai haɗari. Masu farfaɗiya, waɗanda ake yawan haɗa su da masu taɓin hankali a ɗaure ko a cire daga makaranta, kusan 7 cikin 10 za su iya rabuwa da faɗuwa idan suna shan magani yadda ya kamata, amma ba a ma fara tunanin janye shi sai an yi kamar shekara 2 ba a faɗi ba, shi ma da izinin likita, ana ragewa kaɗan-kaɗan. Wanda ya yanke wa ɗansa magani rana ɗaya don ya ga ya yi wata biyu lafiya, shi ya kira faɗuwar da za ta same shi a bakin murhu ko a bakin rijiya.

Za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma an dake mu ga shi mun zama mutane, kuma ga ɗan wane an kai shi gidan mari ya dawo yana sallah a sahun farko. Ba a musun cewa tsoro yana sa shiru. Yaron da aka yi wa mari wata shida zai dawo yana sunkuyar da kai, amma shirun ba shaidar lafiya ba ne, kuma waɗanda suka dawo suka fi da lalacewa, ko suka shiga duniya ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ba a kafa misali da su a majalisa. Tarbiyya tana aiki a kan yaron da zai iya bari amma ya ƙi. Wanda ciwo ya hana shi zama wuri ɗaya, ko yake jin muryoyin da ba wanda ke ji, duka ba ya ƙara masa komai sai tabbacin cewa ba shi da kowa.

Za a kuma ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce ko sammu. Babu mai hana musulmi addu'a da tofi da ruƙya, kuma likitocin da ke wannan aiki a ƙasar Hausa mafi yawansu musulmi ne, ba za su ce ka bar Alƙur'ani ba. Addinin da ya koyar da addu'a shi ne ya yi umarni da neman magani, ana iya haɗa su a rana ɗaya. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a yi shekara uku ana yawo daga mai magani zuwa mai magani, an sayar da akuya an sayar da gona, ana turara wa yarinya hayaƙi a rufaffen ɗaki ana zane ta wai aljanin ake duka, alhali jikinta ne ke fashewa. Malamin kirki da kansa yake cewa a je asibiti. Wanda ya ce a zubar da ƙwayoyin likita kafin ya fara aiki, a tashi a bar masa wurinsa.

Sai kunya, wadda ita ce gaskiyar abin da ke hana yawancinmu. Gwamnatin Jigawa tana da asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a nan Kazaure, mutane suna tahowa daga nesa, amma na kusa yana tsoron a gan shi a bakin ƙofar, musamman idan 'ya mace ce, wai kada ta rasa miji. A Kano ma an mayar da sunan Dawanau, inda asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa yake, abin tsokana. To amma wace ce ta fi kusa da rasa aure, wadda aka yi wa jinya a natse tana 'yar shekara 14 ta koma makaranta, ko wadda aka ɓoye har ciwon ya ci ƙarfinta ta fita titi ba mayafi? Wasu ma aurar da ita suke yi a kan cewa aure zai warkar da ita, ba a gaya wa mijin komai ba, ciwon ya tashi bayan haihuwar fari, a dawo da ita da jariri da takardar saki.

Ƙorafin da yake da ƙarfi shi ne na kuɗi da nisa da ƙarancin ma'aikata. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, masu ƙwarewa a kan yara kuwa sun fi haka ƙaranci, kuma mutumin ƙauyen Gwiwa ba kowane mako zai iya zuwa gari ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin mai wannan lalura na kada a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi, Jigawa kuma ta yi dokar kare yara a 2021, amma doka ba ta biyan kuɗin mota. Duk da haka, iyalan da suka iya biyan gidan mari wata-wata ba za su ce talauci ne ya hana su asibiti ba. A fara da asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Babura ko na Kazaure, a nemi takardar turawa idan abin ya fi ƙarfinsu, har zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano in ta kama. A gaya wa likita gaskiyar nisa da halin aljihu don ya tsara ranakun dawowa yadda za a iya. A ware mutum ɗaya babba a gidan da zai riƙe katin da maganin, shi zai ba yaro da hannunsa, kada a bar kwalba a ɗakin matashi. A sanar da malamin ajinsa da na Islamiyya abin da ake ciki don su sauke bulala. Idan kuma yaro ko yarinya ta fara cewa gara ta mutu kowa ya huta, kada a ce neman suna ne ko a rufe ta da faɗa: a ɗauke fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona daga inda hannu zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar, uba yana gaba.